Matar da Ta Haihu a Hanyar Gudu

Ina cikin shekarata ta goma sha ɗaya a ƙaramin asibitin wani ƙauye na ƙasar Baure lokacin da 'yan gudun hijira suka fara isowa. Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Ɗaya na duba marasa lafiya, ɗaya na haihuwa, na ukun kuwa mun mai da shi sito saboda rufinsa yana zuba. Mu biyu ne ma'aikata. Ni ce mai awon ciki da karɓar haihuwa, sai wani dattijo mai ba da magani da yake zuwa daga Daura a kan babur, ranar da babur ɗin ya ga damar tashi. Malama mutanen ƙauyen suke ce mini, babba da yaro.

Yaƙin a can gabas ake yin sa, bakin tafkin Chadi, mu a rediyo kawai muke jin labarinsa. Ban taɓa kawo wa raina zai iso barandata ba. Ashe akwai mutanenmu da yawa a can, waɗanda iyayensu suka tashi tun shekarun fari suka tafi noman rani da sana'ar kifi, suka hayayyafa, har aka manta da su. Da wuta ta ci garuruwansu sai suka tsallaka Nijar, suka yi ta tafiya, wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan motar kaya, har suka gangaro ta kan iyakar Kongolam suna tambayar hanyar ƙauyen kakanninsu. Wasu sun tarar da dangi sun karɓe su. Wasu sun tarar gidan ya rushe, gonar kuma an daɗe da rabawa. Waɗannan dagaci ya saukar a tsohon siton gyaɗa da ke bayan makarantar firamare.

Mata sun fi yawa, da yara da tsofaffi. Aikina ya ninka ba tare da an ƙaro mini hannu ba. Nakan fara awo da hantsi, in ɗago kai in ga la'asar ta yi ban sa komai a bakina ba. Akwai masu ciki da ba su san watansu ba, akwai masu jego da nono ya ƙafe, akwai waɗanda abin da aka yi musu a hanya ba su faɗa da baki, sai dai in gani a jikinsu in yi shiru in ba da magani. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda wasu matan sukan ɓace kwana huɗu ko biyar, ko rabon hatsi ba su fitowa. Sai da na shiga siton na gane. Zane ɗaya kowace take da shi, babu tsumman ƙunzugu, don haka in al'ada ta zo sai mace ta nemi lungu ta zauna a kan rairayi har ta wuce. Ranar da na koma gida na zazzage akwatina, na yayyaga tsofaffin zannuwana, na bi gidajen maƙwabta na karɓo nasu.

Daga baya wata ƙungiya ta zo da farar mota. Suka kawo kwalaye: safar hannu, audugar mata, maganin ƙarin jini, allurar tazarar haihuwa, har da kwaroron roba. Suka bar mini takardu masu layi-layi da zan riƙa cikewa duk ƙarshen wata. Na ji daɗin kayan, ba zan ɓoye ba. Amma kwalin kwaroron nan sai da ya jawo mini magana. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a samarin masallacinmu suke sa ido a kan komai, wani kuma ya hango kwalin ta taga. Suka zo su uku, cikin ladabi dai, suna tambaya ko gaskiya ne ina raba wa matan da ba su da maza. Na ce musu ban raba wa kowa ba, kuma mai aure ma sai ta nema. Suka tafi ba su gamsu ba. Na tura kwalin ƙarƙashin gadon haihuwa na rufe da tsohon bargo. Ba ni da ƙarfin gardama a lokacin.

A irin wannan shiga da fita na lura da wata mata da ba ta zama cikin 'yan uwanta. Kullum tana can bayan siton, kusa da shingen gonar makaranta, a kan yagaggen buhu. Za ta kai shekara ashirin da shida ko fi, doguwa, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. 'Ya'yanta mata biyu sukan je wurinta su dawo, ita kuwa ba ta tasowa. Na tambayi sauran matan, suka ce ba ta son mutane. Wata tsohuwa ta taɓe baki ta toshe hanci. Daga nan na san abin da zan tarar.

Na je wajenta bayan la'asar.

“Sannu, ƙanwata.”

“Yawwa, Malama. Tsaya daga nan, kada ki matso.”

“Don me?”

“Ai kin ji da hancinki.”

Na ji kam. Duk wadda ta yi aikinmu ta san warin yoyon fitsari tun daga nesa. Na ƙarasa na zauna a gefen buhun, gwiwoyina suna ƙara. Ta juya mini ƙeya. Sannan ta fara, ba ta dube ni ba.

Ta ce ranar da aka shigo garinsu mijinta yana kan ruwa da jirginsa, ya fita tun asuba. Ita tana da tsohon ciki. Surukinta, mahaifin mijin, shi ya ja ta da yaran suka bi ayarin masu gudu. A kwana na biyu naƙuda ta kama ta. Haihuwarta biyu ta baya a ɗaki ta yi su, ko ungozoma ba ta ƙaraso ba ta sauka, don haka ta ɗauka wannan ma haka za ta zo. Sai ɗan ya zo a karkace. Kwana uku tana naƙuda, a tafi da ita kaɗan a kan jaki, a sauke ta a gindin ƙaya, mata su kewaye ta da zannuwansu. A rana ta huɗu ya fito ba rai. Namiji ne. Surukin ya haƙa rami da wuƙa ya binne shi, ayari ya ci gaba. Tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba.

“Wata nawa ke nan?” na tambaye ta.

“Huɗu, ina ji.”

“Kina shan ruwa?”

“Kaɗan. In na sha sai ya ƙaru.”

Leɓɓanta duk sun tsattsage. Na ce ta zo asibiti washegari da tsakar rana, lokacin da layi ya watse. Ban yi zaton za ta zo ba, amma ta zo, ta bi ta bayan gari. Na duba ta. Cinyoyinta duk sun saɓule saboda jiƙa. Da a makon farko na same ta, da na sa mata robar fitsari na gwada, wani lokaci ƙaramar ɓula takan rufe da kanta. Wannan ta wuce nan. Na wanke ta, na shafa mata man da nake da shi, na ce mata ciwon yana da magani, ana ɗinke shi a wani babban asibiti a Katsina, kuma na san matan da aka yi wa suka warke har suka sake haihuwa.

Ba ta nuna murna ba. Abin da ta tambaye ni daban ne.

“Malama, wanda ya mutu ba ya salla, yaya makomarsa?”

“Wa ya daina salla?”

“Ni. Tun a hanya. Da wane tsarkin zan yi?”

Na san akwai sauƙi a kan mai lalura, amma ban so in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na ce ta ba ni kwana ɗaya. Da yamma na biya gidan liman, wanda ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa huɗu na ƙarshe, na tsaya a zaure na yi masa bayani ba tare da na nuna ko wace ce ba. Ya ce mai irin wannan lalura alwalarta tana nan, ta yi tsarki gwargwadon iko ta yi sallarta, abin da ya zubo bayan haka ba laifinta ba ne. Da na kai mata wannan amsa, a nan ne ta yi kuka, wanda ba ta yi ba lokacin da take ba ni labarin ɗanta.

Saura tafiya Katsina. Ba za ta tafi ba sai da izini, mijin kuma ba a san ko yana raye ba. Magana ta koma kan surukin. Tsoho ne ƙanƙani mai farin gemu, kullum yana gindin darbejiyar makaranta yana tufkar igiya da kaba, yana sayar wa masu awaki. A wannan ƙauyen aka haife shi, ya bar shi yana saurayi, ya dawo babu wanda ya shaida shi sai tsofaffi biyu.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai daina tufka ba.

“Malama, Allah ya saka miki. Amma yarinyar nan amanar ɗana ce. In ya dawo ya tarar na kai iyalinsa maza sun buɗe ta, me zan ce masa?”

“Baba, lalura ce. Kuma akwai mata a wurin.”

“In ta mutu a can fa? Na binne jikana da hannuna a daji. Ba zan ƙara da uwarsa ba.”

Na koma sau uku, amsar ba ta canza ba. A zuwa na huɗu na zo ne daga karɓar wata haihuwa mai wuya, bayana kamar zai tsinke, sai baki ya kufce mini. Na ce masa ai yanzu ma binne ta ya yi, a bayan sito, bambancin kawai tana numfashi. Ya ajiye igiyar ya dube ni. Na tashi na tafi ina jin kunyar kaina. Mutumin da ya jawo mace mai naƙuda da yara biyu ya ƙetare daji da su, ni ce zan koya masa tausayi?

Liman ne ya gyara abin da na ɓata. Na gaya masa komai, har da maganar da na yi. Bayan sallar azahar ya je ya zauna da tsohon a gindin darbejiyar. Daga barandata nake hango su. Sun daɗe, kuma na ga liman ya fi saurare a kan magana. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Washegari tsohon ya zo asibiti da kansa, karo na farko, ya tsaya a bakin baranda.

“Ina takardar da zan dangwala?”

Na kawo masa. Na ce, “Baba, ka yafe mini maganar jiya.”

Ya ce, “Ba ki yi ƙarya ba. Ki dai dawo mini da ita.”

Ni na raka ta, don ba ta taɓa zuwa Katsina ba, kuma babu wanda zai yarda ya zauna kusa da ita. Na rufe asibiti, na ninka mata tsumma da leda. Daga ƙauye zuwa Baure a amalanke muka tafi, wannan da sauƙi, iska tana kaɗawa. A motar Daura ne aka fara tsaki. Wata hajiya ta rufe hanci da mayafi ta ce a buɗe gilashi. Direba ya leƙo ya ce ko marar lafiyar za ta koma bayan mota wajen kaya. Na ce in za ta koma can to tare za mu koma, kuma kowa a motar nan mace ce ta haife shi. Aka tafi a haka. A tashar Daura ta yanke jiki ta faɗi. Ashe tun jiya ba ta sha ruwa ba don kada ta ɓata kujerar mutane. Na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata ina ɗura mata ruwa, mutane sun kewaye mu suna kallo.

Da muka shiga harabar asibitin a Katsina ta ja ta tsaya. Mata ne a ƙarƙashin itatuwa, a baranda, a bakin famfo, kowace da ɗan bokitinta ko robarta, wasu suna kitso, wasu suna dariya.

“Duk waɗannan irin nawa ne?”

“Duk.”

“Na ɗauka ni kaɗai ce,” in ji ta.

Aka rubuta ta, aka ce akwai layi, sai ta jira. Na bar ta na kamo hanya. Da na dawo na tarar wata mai naƙuda ta zo ta iske ƙofa a rufe, ta haihu a baranda a hannun tsohuwar ungozomar gari. Allah ya sa lafiya aka rabu. Duk da haka sai da aka kira ni ofis aka tambaye ni da izinin wa na bar bakin aiki. Na ba da haƙuri, don ba ni da amsar da za ta shiga takarda.

Ta yi kusan wata biyu a can. 'Ya'yanta wata maƙwabciyarsu a siton ta riƙe. Tsohon kuwa duk ranar da ya ga na wuce sai ya ɗago kai, in girgiza masa nawa. Ranar da ta dawo, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Ta yi ɗan kumari. Aikin ya yi kyau, ko da yake ba duka ba, in ta yi tari mai ƙarfi ko ta ɗaga tulu yakan ɗan zubo. Amma ta shiga cikin mata ta zauna, ta ci tuwo a kwano ɗaya da su. Ta kawo mini katin da aka ba ta. An rubuta kada namiji ya kusance ta sai bayan wata shida, kada ta ɗauki ciki da wuri, in kuma ta ɗauka to a asibiti za ta haihu, ta hanyar aiki. Na karanta mata. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, “Wane namijin, Malama?”

Sai ga mijin nata da kaka. Ya iso ranar kasuwar Mai'aduwa a motar masu kifi, yana ɗingishi, baƙi ƙirin, rigar jikinsa ta aro ce. Ya yi watanni a wani sansani a Nijar, 'yan kasuwar kifi ne suka ba shi labarin inda mahaifinsa yake. Ranar har mutanen gari sun taya su murna, aka yi ta guɗa a siton. Na yi farin ciki, amma ina lissafin watanni a zuciyata, ban kai shida ba.

Da sassafe ta zo da katin a ƙulle a bakin zane.

“Malama, ke za ki faɗa masa. Ni bakina ba zai iya ba.”

Na aika aka kira shi. Na sa dattijon mai magani ya zauna tare da mu a baranda don kada a yi magana. Na bayyana masa komai dalla-dalla, yadda ciwon ya same ta, yadda aka ɗinke, da abin da zai faru in ɗinkin ya warware. Ya sunkuyar da kai yana saurare.

“Na rasa jirgi, na rasa gida, na rasa ɗan da ban ko gani ba,” ya ce. “Na zo na samu iyalina, yanzu kuma ki ce in tsaya daga nesa.”

“Wata uku ya rage. Bayan nan kuma akwai allura, don jikinta ya huta.”

Ya tashi ya tafi. Na ce a raina shi ke nan, aikin wata biyu ya tafi a banza. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo shi kaɗai, ya jira har layi ya ƙare.

“Allurar nan, Malama, tana kashe mahaifa ne?”

“A'a. Wata uku take yi ta sake. In an daina, haihuwa ta dawo.”

“Kin rantse?”

“Wallahi.”

“To a yi mata in lokacin ya yi. Amma kada Baba ya ji.”

Ya cika alkawari. Ya koma kwana a zauren wani gida tare da mahaifinsa har watannin suka cika. Na yi mata allura ta farko, na yi mata ta biyu. Kafin ta uku ƙungiyar nan ta daina zuwa. Babu sallama, kwalaye dai suka ƙare ba a sake kawowa ba, na ji an ce aikinsu ya koma wani wuri da ya fi mu buƙata. Sai da na yi zuwa biyu Daura kafin na samo 'yan kwalabe. Ranar da na dawo da su na aika siton a kira ta, aka ce ai sun tafi shekaranjiya.

Ban ga laifinsu ba. Ba su da gona a nan, mijin ya yi ƙodago a gonakin mutane da gurguwar ƙafa, abin bai ishe su ba, kuma an fara cewa wani ɓangaren bakin tafkin ya lafa. Ta bar mini saƙo wajen maƙwabciyarta, wai in yafe mata, mota ce ta samu ba shiri, kuma katin yana wurinta. Tsohon bai bi su ba, ya ce ƙafafunsa sun gama tafiya.

Bayan kamar shekara ya zo barandata yana dogara sanda. Ya ce wani ɗan kasuwa ya haɗa shi da ɗansa a waya. Suna lafiya, sun samu wuri, kuma matar ɗan nasa tana da ciki wata biyar. Yana faɗa yana murmushi. Na taya shi murna, sannan na tambaye shi ko akwai babban asibiti kusa da su. Bai sani ba. Na yagi takarda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa da zarar ta shiga wata takwas ta koma kusa da asibitin da ake yin tiyata, kada ta jira naƙuda, ta nuna katinta. Na ba shi ya ba ɗan kasuwar. Daga baya ya ce ya bayar. Ko ta isa hannunsu, ko an samu mai karanta musu, ban sani ba.

Tsohon ya rasu a farkon daminar shekarar, zazzaɓi na kwana uku. Liman ya yi masa salla, mutanen gari suka kai shi. Ɗan kasuwar nan ban san sunansa ba, ban san ranar da yake zuwa ba. Na tambayi masu kifi sau biyu a Mai'aduwa, kowa ya ce mutanen bakin tafki suna da yawa, wanne daga ciki? Daga baya aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Dutsi, na kwashe kayana na tafi.